Kai Ɗaya, Mataji Biyu

Jakar makaranta. Takalmin wasa a leda. Gorar ruwa. Rigar barci. 'Yar tsana mai hannu ɗaya. Sai yarinya 'yar shekara takwas a kujerar baya, ta miƙe wuya kamar wadda ta haɗiye tabarya, tana kaffa-kaffa kada ƙeyarta ta taɓa kujera.

Kayan da na ɗauko ke nan daga gidan uwarta, zan sauke a gidan ubanta, wato yayana.

"Jingina mana," na ce, ina kallonta ta madubi.

"Sabo ne, Goggo. Sabon kitso sai ya kwana yake barin mutum ya jingina."

"To gobe kya jingina."

"Kafin gobe ai Kaka ta tsefe ta yi nata."

Ta faɗe shi ne yadda ake cewa gobe Alhamis.

Ina can ƙasar mutane ina karatun awon ƙasa Yaya ya saki matarsa. Na dawo na tarar alƙali ya raba mako gida biyu: daga Asabar zuwa Laraba yarinya tana wurin uwarta, daga Laraba zuwa Asabar tana wurin ubanta, kafin a sake zama a yanke inda za ta zauna dindindin. Yaya ya rantse ba zai taka ƙofar tsoffin surukansa ba. Uwar yarinya ta rantse ko layin gidanmu ba za ta bi ba. Ni ce mai mota, kuma a wurin Innarmu macen da ba ta da miji ba ta da aikin yi. Haka na zama direba.

A gidanmu ana ce wa yarinyar 'Yar Baba. A can ana ce mata 'Yar Mama. Ni Fasinja nake ce mata, don a mota na san ta.

Muka tarar da Inna a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunne. Ga mataji, ga kibiyar tsifa, ga kwalbar mai, an jera su kamar kayan wanzami. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta kamo haɓar jikarta, ta juya fuskar gabas, ta juya ta yamma.

"Oh ni! Dubi abin da suka yi miki. Wannan kitso ne ko kunyar gona?"

"Inna, ɗazu aka yi shi," na ce. "Ko ƙura bai sha ba."

"Baƙuwa, in ana maganar kai ki riƙa yin shiru." Tun da na dawo take ce mini Baƙuwa. Ta harari kaina, wanda nake ragewa da almakashi duk wata. "Mun tura ki neman ilimi, kin dawo ba miji ba gashi. Zauna nan, 'Yar Baba."

Yarinya ta zauna tsakanin ƙafafun kakarta ba musu. Ta rungume 'yar tsanarta, ta runtse ido tun kafin a taɓa ta.

A wannan zaman na ji asalin abin. Ranar da aka je kotu, alƙali ya ɗago daga takardunsa ya ga yarinya tana rawar jiki. Don ya kwantar mata da hankali sai ya ce, "'Yan mata, wa ya yi miki wannan kitso mai kyau?" Yayar uwar, wadda ke da shagon gyaran gashi, ta miƙe tsaye ta ce ita ce. Alƙali ya gyaɗa kai ya ci gaba da rubutunsa.

"Ya rubuta!" in ji Inna, tana nuna ni da kibiya. "Da idona na ga alƙalaminsa ya motsa. Shi ya sa suka fi mu da kwana guda."

"Inna, aikin alƙali ai rubutu ne."

"Ke kika sani. Mutumin nan kai yake dubawa. Ranar da za a koma, hannuna zai gani a kan yarinyar nan. Kafin nan kuwa ba za ta kwana a ɗakina da hannun mutanen Waccan a kanta ba. Wa ya san abin da suke shafa mata?"

Waccan ita ce uwar yarinya. Sunan da ya rage mata ke nan a gidanmu.

Ranar Asabar na mayar da Fasinja. Uwarta na zaune a saman shagon yayarta, don haka a shagon nake saukewa. Madubi bango guda, kujeru masu juyawa, injin busar da kai kamar hular kwano, gashin doki kala-kala rataye a ƙusa. Mai shagon, wadda yarinya ke ce wa Anti, ta zare mata ɗankwali ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Tsohuwar nan za ta kashe ni! Wannan ai kitson zuwa ta'aziyya ne. Kuma me ta lafta mata? Ji ƙarni kamar an soya kifi a kanta."

Uwar ta sauko da gudu. Ta rungume 'yarta, ta tambaye ta ko ta ci abinci, ta duba faratanta. Sannan ta ciro waya.

"Juya, 'Yar Mama. Sunkuya. Ɗan ɗago." Ta ɗauki kan hoto gaba da baya da gefe. "Lauya ya ce mu riƙa ajiye hujja."

Da ina ce mata matar Yaya. Yanzu sai dai in yi gyaran murya ta san da ita nake. Na yi gyaran murya.

"Bai fi kwana uku da yi ba. Ku bar shi ya ɗan tsufa mana."

"Goggon yara, ke ba ki haihu ba. Jibi makaranta. Malamai su gan ta da wannan su ce uwar ba ta da amfani? Ubanta ya sa a ɗauke ta hoto, ya kai kotu ya ce a hannuna aka gan ta haka?"

"Ai uwarsa ce ta yi."

"Hoto ba ya faɗin wanda ya yi."

Anti ta riga ta ɗaga yarinya ta ɗora a kujera, ta taka ƙarfe kujerar ta yi sama. "Ado ai sai da wuya," ta ce. "Mu da aka yi mana muna kuka muna majina, mutuwa muka yi?"

Haka muka ci gaba. Kai ɗaya, sau biyu a mako: a tsefe, a wanke, a taje, a tsaga, a ja.

Da tafiya ta yi tafiya, kowane gida ya fara dabara. Anti ta lura idon Inna ya yi rauni, sai ta koma yin kitso ƙanana kamar zaren ɗinki don tsifa ta gagare ta. Inna ta sa Yaya ya sayo mata tabarau, ta gayyato maƙwabciya, ɗaya dama ɗaya hagu. Sannan ta koma ɗaure bakin kowane kitso da baƙin zare, ƙulli a kan ƙulli. Anti ta sa reza. Anti ta ƙara gashin doki, ta ƙone bakinsa da kyandir ya manne. Inna ta sa almakashi ta datse na doki da na mutum gaba ɗaya, don ba ta san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba.

Girar Fasinja ta ɗage sama, kullum kamar an ba ta labarin mamaki. Goshinta ya fara faɗi. Ta koyi barci rub da ciki, fuska cikin matashi. Ta daina dariya da ƙarfi, don dariya na jan fatar kai. Ta kuma koyi siyasa. A gidanmu na ji tana cewa, "Naki ya fi daɗi, Kaka, na Anti zafi." A shago na ji tana cewa, "Hannunki sanyi, Anti, na Kaka kamar filaya."

A mota ta tambaye ni, "Goggo, wannan ƙarya ce?"

"Ƙarya ce."

"Amma in na faɗa suna ɗan rage ja."

Ban ce ta daina ba.

Daga nan ta fara roƙona in bi doguwar hanya. Sai in zagaya ta bayan kasuwa, in bi ta gadar jirgi, in shiga cunkoson da kowa ke gudu. Ita kuwa ta kifa goshi a bayan kujerata ta yi barci. Duk faɗin garin, mota ce kaɗai inda ba mai taɓa kanta.

Malamar ajinsu ta kira ni. Ta ce ta kira uban ya ce a kira uwar, ta kira uwar ta ce a kira uban, sai yarinyar ta ba ta lambata. Yarinya mai ƙoƙari ta koma barci a aji. Aikin gida ba ta yi, in an tambaye ta sai ta ce ana mata kitso.

"Kullum ana mata kitso?" in ji malamar. "Biki suke zuwa?"

Na sami Yaya a shagonsa na tayil, yana zaune kan kwali yana fifita da kalanda.

"Yaya, kan 'yarka na ƙarewa."

"Wane kai? Jiya na gan ta tsaf da ita."

"Ka taɓa ɗaga ɗankwalinta?"

"Ni ƙaton namiji in tsaya ina leƙen kitso? Wannan harkar mata ce. Abinci na rage mata, ko makaranta na cire ta?"

"Ka ce wa Inna ta bari."

"In ce wa uwata ta bari? Ke da kika zauna inda ake kiran uwa da sunanta, je ki faɗa mata. Waccan ta fara bari mana."

"Ita ma haka ta ce."

"To kin gani. A bar kaza cikin gashinta."

"Kazar ake figewa, Yaya."

Ya tsura wa bango ido, inda aka liƙa tayil fari da baƙi gefe da gefe don masu saye su zaɓa. Can sai fuskarsa ta washe. Na san wannan fuskar. Da ita ya taɓa sayo injin wanki a gidan da ba famfo.

"Ke ba awon ƙasa kika karanta ba? A raba! Alƙali ya raba mako, mu mu raba kai. Tsaga ɗaya a tsakiya, dama namu, hagu nasu. Kowa ya yi kitsonsa a filinsa, kada wani ya taɓa na wani. Ke za ki ja layin."

"Ba na auna kan mutum."

"To ilimin naki me ya tsinana mana?"

Na ɗauka wasa yake. Ashe ya aika ta bakin lauyansa, kuma can suka karɓa hannu bibbiyu. Kowane ɓangare ya tabbata in aka jera aikin biyu a kai ɗaya, ɗayan zai sha kunya.

Mako na gaba na ɗauko abin da ban taɓa gani ba. Dama manyan layuka sun miƙe zuwa ƙeya, baƙin zare a baki. Hagu ƙanana sun zubo har kafaɗa da duwatsun ado ja da ruwan ɗorawa. Nauyi ya rinjayi hagu, kan ya karkace, yarinya tana tafe kamar mai sauraron raɗa. A makaranta suka sa mata suna Gida Biyu. Ta koma ɗaure ɗankwali tamau har gira, ko a filin wasa ba ta cirewa.

Zaman lafiyar bai yi nisa ba.

"Sun ci mana iyaka!" in ji Inna wata Laraba, tana gyara tabarau. "Baƙuwa, zo ki gani da idonki. Makon jiya tsagar nan a saitin hancinta take. Yau ga ta a saitin idon dama."

"Inna, ban ga komai ba."

"Yaushe za ki gani? Ke ai tasu ce."

Ta tsefe layin da ta ce an sace, ta maido da tsaga, ta ƙara da ɗan abin da ta kira ladan wahala. Ranar Asabar Anti ta sa tef ɗin tela daga kunne zuwa kunne, ta yi salati, ta ƙwato nata har da riba. Gefe da gefe aka bar su suka huta, amma tsakiyar kan ta zama fagen fama. Kowa ya zo nan yake ja, kuma da ƙarfi yake ja, don aikinsa ya gagari na gaba.

Na ga ƙuraje a kan tsagar, na faɗa. Inna ta ce man shago ne. Anti ta ce zaren tsohuwa ne. Inna ta shafa nata magani, Anti ta wanke ta shafa nata.

Laraba ta ƙarshe kafin komawa kotu, na ɗauko ta daga makaranta kai tsaye, don uwar ta ce sun makara da safe. Muna tafe na ji wani wari a motar. Na duba madubi. Tana rawar sanyi, rana kuwa tsaka. Na tsaya a gefen titi na buɗe ƙofar baya.

"Kar ki taɓa, Goggo."

"Dubawa kawai zan yi."

Ɗankwalin ya ƙi ɗagowa. Ya manne da kan.

Ban nufi gidanmu ba, asibiti na nufa. Ma'aikaciyar jinya ta jiƙa ɗankwalin da ruwan ɗumi ta ɓanɓare a hankali. Likita ya haska fitila ya daɗe yana dubawa, daga goshi zuwa ƙeya.

"Wa ya yi mata haka?"

"Masu son ta."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya sa aka aske kan duka, aka wanke gyambon, aka yi mata allura. Ya ce ba mataji, ba zare, ba mai, ba abin da zai matse kan, sai ya warke, kuma warkewar ba ta kusa ba ce. Ya rage murya ya ce na gaban goshin wataƙila ba zai sake fitowa ba.

Fasinja na zaune tana kallon duwatsun ado suna faɗawa cikin tasa, ƙwal, ƙwal. Da aka gama ta juya kai dama, ta juya hagu, ta girgiza shi kamar ɗan akuya. Girarta ta sauko inda Allah ya ajiye ta.

"Goggo, iska!" ta ce, ta ƙyalƙyale da dariya har ma'aikaciyar ta tsorata.

Dariyar ba ta kai bakin mota ba. Ina tayar da inji ta ce, "Goggo, yanzu da ba gashi, wa zai karɓe ni?"

"Kar ki yi shirme. Rububinki suke yi."

Ashe ta fi ni sanin mutanenta.

Inna ta fito bakin ƙofa da kibiya a hannu, don mun makara. Ta leƙa tagar mota. Kibiya ta faɗi. Ta ɗora hannu biyu a kai ta yi salati, ta maimaita. Na faɗa mata abin da likita ya ce.

"Ya ce a daina kitso? Ai na daɗe ina faɗa. Su daina!" Sai ta tsaya cak, ta rage ido. "Baƙuwa, a gidan wa ta kwana jiya?"

"Gidan uwarta."

"To a hannunsu ta lalace. Mayar musu da kayansu. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Yaya ya fito yana goge hannu. Ya leƙa, ya kau da kai da sauri. Na ga abin ya taɓa shi. Ya ɗauki lokaci kafin ya sami inda zai ajiye shi.

"Inna ta yi gaskiya," ya ce. "Litinin za a koma kotu. In ta kwana nan yau, cewa za a yi mu ne." Ya sunkuyo ta taga. "Ba ƙin ki nake ba, 'Yar Baba, kin ji? Dabara ce. Manya ne ke dabara." Ya laluba aljihu ya miƙa mata biskit.

"Yaya, zazzaɓi take yi."

"Shi ya sa. Uwa ta fi iya jinya."

Na juya mota.

A ƙofar shago Anti ce ta fara fitowa. Ta ƙwalla ihu har mai gyaran takalmi na gefe ya soke yatsa.

"Ina gashin? Sabon gashi na sa mata, ko kwana biyu bai yi ba! Shi ma sun aske?"

Uwar ta sauko ba takalmi. Ta zura hannu ta taga ta shafa kumatun 'yarta, ta ji zafin jiki, hawaye suka zubo mata. Kuka take da gaske. Ta kama marfin ƙofa za ta buɗe. Anti ta dafe mata hannu.

"Tsaya. Yau wace rana?"

"Laraba."

"Ranar wa?"

"Yaya, ba ta da lafiya," uwar ta ce wa yayarta.

"Na ce ranar wa? Ranar ubanta. Me ya sa suka dawo da ita, son ki suke? Tarko ne. Kina karɓa kin karɓi laifi. Ta gefen dama ya fara ruɓewa, ni na gani da idona."

Uwar ta kira lauyanta. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta dubi yayarta, ta dubi 'yarta. Hannunta ya sauka daga marfin.

"Goggon yara, ki gane. In na rasa shari'ar nan, na rasa ta gaba ɗaya. Ki kai ta can. Asabar da sassafe zan karɓe ta."

Anti ta karɓi wayar ta ɗauki kan hoto ta taga.

Na koma gidanmu. Ƙofa a rufe. Na buga, na danna ƙararrawa, na buga. Daga ciki muryar Inna ta taso, garau da ita.

"Ba kowa a gida!"

Na dawo mota na zauna. Fasinja ta cinye biskit ɗinta, ta ninke ledar ta sa a jaka.

"Goggo, in kin gaji ki bar ni a motar. Ba na taɓa komai."

Ɗaki biyu gare ni a saman bene, da teburin zane da ya cinye rabin ɗaya. Ba a yi su don yaro ba. Na kwashe takardu daga kan gado. Ta sha shayi da burodi, ta sha magani, ta kwanta rigingine a tsakiyar gado ta baje hannuwa. Rana ba ta faɗi ba ta yi barci. Washegari ban je aiki ba. Zazzaɓin ya sauka. Ta zauna a teburina tana zana motoci da fensirina mai tsada.

Da hantsi na ji hayaniya a matattakala. Lauyoyin sun waiwayi wayoyinsu, kuma kowanne ya faɗa wa nasa abu ɗaya: a gaban alƙali, ƙin karɓar yaro marar lafiya ya fi aski muni. Sai ga su duka, lokaci guda, a matattakalar da mutum biyu ba sa iya giftawa. Yaya da ya rantse ba zai sake haɗa inuwa da Waccan ba, ga shi kafaɗarsa na gugar tata. Inna na baya tana haki, riƙe da ƙaton ɗankwali da wata kwalba. Anti na gaba, ta sa dunƙulen hannu cikin wata 'yar hular gashi tana ɗauke da ita kamar kan akuya.

Na buɗe na tsaya a bakin ƙofa.

"Mun zo ɗaukar 'yarmu," in ji Yaya. "Yau ranarmu ce."

"Jiya ma ranarku ce," in ji Anti.

"Jiya ba ma gida!" in ji Inna.

Suka kaure. Maƙwabcina na ƙasa ya leƙo, ya koma ya ɗauko kujera. Na bar su har numfashi ya ƙare musu. Anti ce ta fara sassautowa. Ta ɗaga hular gashin.

"Mu bar wannan. Ko ma wa ya yi, alƙali bai kamata ya ga kan nan haka ba. Kowa zai kwana ciki. Ga wannan, daidai kanta. Ɗan manne kaɗan a gefe, ko iska ba za ta ɗaga ba."

"Manne a kan gyambo?" na ce.

"A gefe na ce. Na yini ɗaya."

Inna ta gyara tabarau ta karɓi hular. Ta juya ta, ta shinshina, ta ja silin gashi ɗaya ta gwada ƙarfinsa.

"Ba laifi," ta ce. "Aikin ya yi. Amma ɗankwalina za a ɗaura a sama. Kafin nan a riƙa shafa wannan safe da yamma, ko kan ƙwarya aka shafa wa sai ya yi gashi."

"Ɗankwalin ya dace da kalar," in ji Anti.

Tun da aka yi sakin, ranar ce ta farko da bakinsu ya zo ɗaya.

"Kin gani?" in ji Yaya, yana washe baki. "An sasanta. Ke dai kawo ta."

Sai yanzu uwar ta yi magana. Idonta ya kumbura. "Ta ci abinci?"

"Ta ci."

"Zazzaɓin fa?"

"Ya sauka."

Ta gyaɗa kai. Na jira. Na ba ta lokaci ta faɗi abin da ya kamata uwa ta faɗa.

"Na yini ɗaya ne kawai, Goggon yara," ta ce, tana kallon ƙasa. "In an fito daga kotu sai a cire."

Na ji motsi a bayana. Fasinja ce, fensir a hannu, kan na sheƙi da maganin asibiti, gyambon ya miƙe ja daga goshi zuwa ƙeya, daidai inda suka ja layinsu. Ga shi a fili, rana na dukansa. Su huɗu suka dube shi, ba wanda ya iya riƙe ido.

"Zo, 'Yar Mama," in ji Anti, ta miƙo hula.

"Zo, 'Yar Baba," in ji Inna, ta warware ɗankwali.

Yarinya ta saki fensir. Ta ɗora hannu biyu ta rufe kanta, ta ja da baya ta shige bayan zanena. Ta ƙanƙame ƙafata.

Sun yi watanni suna jan kan nan don kowa ya ga aikin hannunsu. Aikin ya kammala, yanzu kuma suna neman abin rufewa. Ba wanda ya ce mata sannu.

"Baƙuwa, matsa," in ji Inna. "Ni uwarki ce."

"Na sani, Inna. Ki riƙe ƙarfe in za ki sauka, matattakalar na da santsi."

"Ke wace ce a shari'ar nan?" in ji Yaya. "Direba ce fa ke!"

"Direba ta ajiye aiki."

Na ja ƙofa na rufe, na murza makulli. Suka hau bugu. Na jira bugun ya lafa, sannan na faɗa ta jikin katako yadda har mai kujera na ƙasa zai ji.

"Nan za ta zauna. Litinin ni zan kai ta kotu, kai a buɗe, in roƙi alƙali ya bar mini ita har ta warke. Mai son ganinta ya zo hannu wayam. Ba wanda zai sake taɓa kan nan."